Wuƙaƙen da Suka Kwana a Gidan Kawu

Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri tun daga farko. Abin da zan faɗa game da Kawu, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, wani da idona na gani, wani ji na yi, wani kuma na kasa tantance ko gani na yi ko ji, domin labarin da aka yi ta maimaita maka a tsakar gida yakan zauna a kanka har ka rantse kana wurin. Na tambayi waɗanda suka girme ni, sai na tarar kowa da irin nasa Kawun. Inda na yi shakka zan ce na yi shakka. Wataƙila hakan ya yi yawa, don abokaina sun sha gaya mini ko sunana aka tambaye ni sai na fara da "ina jin".

Kawu ya rasu a farkon watan Babbar Sallah, da hantsi, bayan 'yar rashin lafiyar da ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Da aka dawo daga maƙabarta muka shimfiɗa tabarmi daga zaurensa har bakin lungu, a nan gindin Dala. Aka zaunar da ni kusa da babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, wai ni ne mai haƙurin amsa gaisuwa.

Wani dattijo ya zo ya durƙusa, ya yi addu'a mai tsawo, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Shi ke nan. Yanzu wa zai riƙa gaya mana gaskiya?" Na ɗauka zancen duniya yake yi. Sai ya matso daf da kunnena.

"Ɗan nan, ba don na matsa muku ba. Akwai wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, shekaranjiya na kawo masa. Ko ya ce wani abu a kanta kafin Allah ya yi ikonsa?"

Na ce za a duba. Bayansa wani ya zo, shi ma ya yi ta'aziyya, ya share ido, ya yi mini raɗar tasa mai jan kube. Kafin magariba na daina mamaki. Ba na so a ɗauka mutuwar ba ta taɓa su ba. Ta taɓa su, na ga idanunsu. Sai dai Sallah ta matso, raguna na ɗaure a ƙofar gidaje, wuƙaƙen rabin unguwa kuma suna ɗakin mamaci suna jiran hukunci.

Wanda bai san unguwarmu ba zai ɗauka Kawu maƙeri ne ko mahauci. Ko ɗaya. Direban babbar mota ne, ya yi ƙuruciyarsa yana kai fatu da albasa kudu yana dawowa da goro. A hanya ya koyi ƙarfe, in ji shi, domin wanda sifirin ɗin mota ya taɓa karye masa a tsakiyar daji da lodi a kai ba ya ƙara yi wa ƙarfe kallon abu ɗaya. Da ya ajiye tuƙi sai ya dawo zaure da tabarmarsa da dutsen washinsa. Ba wanda ya naɗa shi, ba ya karɓar ko goro, amma a hankali ya zama ba mai sayen wuƙar yanka a lungunmu bai kawo masa ya duba ba.

Aƙidarsa ɗaya ce, kuma bai taɓa sassauta ta ba a gabana: wuƙar kirki daga sifirin ɗin mota ake ƙera ta, kuma na baya.

"Na gaba me ya ɗauka? Direba da inji. Na baya shi ya san lodi. Ƙarfen da bai sha wuya ba, ina zai samo haƙuri?"

Abin da yake nufi, in na fahimce shi daidai, shi ne ƙarfen sifirin yana lanƙwasa ya dawo, yana karɓar kaifi da wuri, bakinsa kuma ba ya ɓantarewa in ya ci karo da ƙashi. In ka ce masa ai yana tsatsa, sai ya ce tsatsa ba laifin wuƙa ba ne, laifin mai ita ne. Yakan yarda da ƙarfen tsohon zarto a ƙananan wuƙaƙe. Wadda aka buga da rodi yakan tambayi mai ita ko gini zai yi. Wadda aka yanko daga jikin duro kuwa ko karɓa ba ya yi da hannu, da ƙafa yake tura ta.

Hukuncinsa hawa-hawa ne. Akwai "ta rago", ita ce ƙarshen yabo. Sai "ta kaza". Sai "ta albasa". A can ƙasa akwai "ta sabulu". Wanda aka ce wa wuƙarsa ta sabulu ce a gaban jama'a, sunan yakan bi shi har wata Sallar. Na san mutumin da har yau in ya wuce majalisa sai wani ya tambaye shi ko ya gama wanki.

Shekarar da na gama bautar ƙasa na sayo masa wata farar wuƙa ta kanti, irin wadda ba ta tsatsa, cikin kwalinta. Ya juya ta, ya hango fuskarsa a jikinta, ya gyara zaman hularsa.

"Madalla. Dama madubin ɗakina ya fashe."

Na zauna na yi masa bayanin abin da na karanta, cewa a cikin fararen ƙarafan nan akwai masu kyau ƙwarai, kuma har yanzu ina jin akwai. Ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi. Na tafi gida da daɗin na gamsar da shi. Sai daga baya na gane ko kalma ɗaya bai ji ba.

A nan dole in faɗi abin da duk unguwa ta sani amma ba mai faɗa. Kawu ba ya ji. Kunnen hagu ya fara tafiya tun yana tuƙi, na dama ya bi sahu da tsufa ya zo. Matsalar ita ce, da kunne yake duba wuƙa. Zai fara hura mata huci ya ga yadda zai baje. Ya goga bakin a farcen babban yatsa. Ya aske 'yan gashin hannunsa na hagu, shi ya sa duk gabanin Sallah hannun yake sumul kamar na jariri. Sannan ya zo kan babban aiki: ya riƙe ta da yatsa biyu, ya ɗalli ruwanta da farce, ya kai kunne, ya lumshe ido. Kowa sai ya yi tsit. Na sha ganin an ɗaga wa mai adaidaita sahu hannu ya kashe inji. Can sai ya buɗe ido ya ce, "A bar ta ta kwana, a ji." Washegari da safe mai wuƙa ya dawo ya karɓi kayarsa da hukuncinta.

Wata rana, wannan ina wurin, yana cikin sauraren wata wuƙa sai taransifomar bakin titi ta yi bindiga. Mutane suka watse, awaki suka tsinke igiya, wani ya bar takalminsa ɗaya. Kawu bai motsa ba. Ya buɗe ido a natse ya ce, "Tana da 'yar murya."

Duk da haka ba a daina kawowa ba, saboda hukuncin ba ya kuskure. Wadda ya ce ta rago ce, sau ɗaya ake ja. Wadda ya ce ta albasa ce, in mai ita ya yi taurin kai, a gaban surukansa yake gane kurensa. Wasu suka ce a yatsunsa yake jin motsin ƙarfen. Wasu suka ce baiwa ce. Ni dai na bar abin a matsayin wanda ban sani ba.

Abin da ya sa ya damu da wuƙa haka, ina jin, tausayi ne. Yakan ce, "Dabba ta ba ka ranta, kai kuma ka tsaya ja mata lokaci?" Akwai wani saurayi a lungunmu da ya yi aure, shekarar farko da zai yi layya a gidansa, ya kawo wuƙar da ko ni na ga ba ta da labari. Da safe majalisa ta cika ana jiran a ji an ce sabulu. Kawu ya miƙa masa kubensa ya ce, "Je ka, ka dawo da ita bayan Sallah in ƙara dubawa." Sai da ya isa gida ya zare ya ga wuƙar Kawu ce a ciki. Shi da kansa ya ba ni labarin a wurin zaman makoki, kuma shi kaɗai ne a ranar bai tambayi wuƙa ba.

Amma Kawu da kansa, iyakar sanina, ko kaza bai taɓa yankawa ba. Ba ya iya kallon jini. Ranar Sallah da an kayar da rago sai ya tuna yana da abin ɗaukowa a ɗaki. Mai yanka masa kullum shi ne taubashinsa, ɗan gwaggonsa, wanda muke kira Baba mahauci, kuma shi ne abokin gardamarsa tun kafin a haife ni.

Baba mahauci ɗan magagari ne. A wurinsa wuƙa ita ce wadda aka ƙera da tsohon magagari, wanda maƙera ke gurza ƙarfe da shi: ga tauri, ga riƙe kaifi, ka wuni kana fiɗa ba ka nemi dutse ba. Kusan kullum bayan la'asar sai ya biyo ta zauren.

"Sarkin ƙuda, ka iso?" in ji Kawu.

"Na iso, Kurma. Yau wace marainiyar wuƙa za ka yi wa ƙazafi?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya kasuwa?"

"Ka gani ko? Jama'a ku shaida, wannan ne alƙalinku!"

Daga nan sai a shiga. Baba ya ce magagari ƙarfe yake ci, sifirin kuwa jaki ne, ɗaukar kaya kawai ya iya. Kawu ya ce magagari kamar mai shi yake, ga kaifin baki ga saurin karyewa, ya faɗi ƙasa sau ɗaya a kwashe shi gida biyu. Kawu ba jin Baba yake yi ba, amma shekaru sun sa ya haddace gardamar kamar karatu. Wani lokaci yakan ba da amsar hujjar da Baba bai kai ga kawowa ba, Baba ya fusata ya ce, "Tsaya mana, bawan banza, ban zo nan ba tukuna!"

A bana, ana saura 'yan kwanaki watan Sallah ya kama, Baba ya zo da wuƙa biyu a hannu. Tsawo ɗaya, ƙota iri ɗaya, kube iri ɗaya, maƙeri ɗaya ya buga su. Ya ajiye su a tabarma, ya sa baki a kunnen Kawu ya yi ihu yadda har cikin gida an ji. Ya ce ɗaya sifirin ce, ɗaya magagari. In Kawu ya raba su, shi Baba zai tsaya a zauren nan ya ce sifirin ne sarkin ƙarfe. In ya kasa, Kawu zai faɗa da bakinsa cewa ya yi shekaru bai ji ƙarar komai ba, ya naɗe tabarmarsa, ya ba yara dutsen washin su fasa gyaɗa.

Kawu ya hura, ya goga, ya aske, ya ɗalla, ya saurara. Ya ce, "A bar su su kwana, a ji."

Suka kwana. Da safe ya ce ba su gama kwana ba. Washegari ya ce sai ranar jajiberen Sallah zai faɗa, a gaban kowa. Kafin jajibere ya kwanta, bai tashi ba.

Baba mahauci bai zauna tare da mu ba a ranar farko, daga maƙabarta ya wuce gida. A rana ta biyu ya zo, ya sami wuri ya zauna ba tare da ya gaisa da kowa ba, ya dubi inda tabarmar Kawu take, ya ce da ƙarfi, "Ya gudu."

Ya ƙara ɗaga murya.

"Wallahi gudu ya yi. Ya ga zai faɗi, ya je ya kwanta. Ku gaya wa mutane gaskiya mana. Kurma ne, kintace yake yi, Allah na rufa masa asiri!"

Wasu dattawa suka yi 'yar dariya, don taubashi yana da hurumin tsokana ko a kan gawa. Amma na ga fuskar Yaya ta canza. Maganar kuma ba ta tsaya a tabarma ba. Kafin yamma na ji samari a wurin mai shayi suna gardamar ƙwallo, ɗaya ya ce wa ɗaya, "Kai dai hukuncin kurma kake yi." Abin ya tsaya mini a rai. Mutum bai bar gidaje ba, bai bar motoci ba, sunan da ya bari ke nan, ga shi ana shirin mayar da shi abin dariya tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Gobe addu'ar uku, kowa zai zo. Shiga ɗakin nan ka duba wuƙaƙen nan biyu na Baba, ko Allah zai sa ka gane wani abu." Na shiga. Na same su a kan taga, an ɗaure su tare da farin zare. Na ɗalli ɗaya ta ce tin. Na ɗalli ɗayar ita ma ta ce tin. Ina tsaye ina tunanin yadda zan gaya wa Yaya, sai na ji muryar Inna, matar Kawu, daga bayan labulen ɗakinta, inda take zaman takaba.

"Wane ne a ɗakin Malam?"

"Ni ne, Inna."

"Zo nan bakin ƙofa. Me nake ji wancan mai warin tumbin yana faɗa a waje?"

Na durƙusa na gaya mata, ina ta rage wa maganar zafi. Ta yi tsaki.

"Kai da ka yi karatu, in tambaye ka. Wuƙar da aka ce ta kwana a gidan nan, a ina kake tsammani take kwana? Ƙarƙashin matashinsa?"

Na ce ban taɓa tunani ba.

"Tun tasowarka, ka taɓa ganin na aiki wani ya sayo mini wuƙa?"

Na tsaya na yi tunani. Ban taɓa gani ba. Na kuma tuna tun ina ƙarami nake ganin wuƙar madafin Inna tana canza kama, yau doguwa gobe gajera, yau ƙotar ƙaho gobe ta itace.

Ta ce da kunnen dama ya tafi, wata rana da yamma Kawu ya shigo da wuƙar wani, ya zauna a bakin gado ya ce, "Ba na ji." Ya ce zai daina, amma abin da ke damunsa shi ne mutane za su riƙa yanka dabbobi da duk abin da suka ga dama. Ita kuwa tana da albasar miya a gabanta, ta ce ya miƙo. Tun daga ranar duk wuƙar da ta shigo, albasa take fara sha. In ta wuce, a ba ta kaza ko nama. In ta wuce, ganda da ƙashi. Sannan a dawo da ita kan tumatir a ga ko za ta yanka ko za ta matse. A ƙarshe ta goga ta a dutse ta ji yadda take cinsa, kamar yadda shi ya nuna mata.

"To ta yaya kike gaya masa, Inna, tunda ba ya ji?"

"In yi ihu duk lungu su ji? A faifan kokonsa nake ɗora ta da safe, tare da abin da ta iya. Guntun ƙashi, ko gashin kaza, ko ɓawon albasa."

"Ko sabulu," na ce. Na sha ganin guntun sabulu kusa da kwanon kokon Kawu, na ɗauka na wanke hannu ne.

Raina ya ƙara dagulewa. Na ce, cikin ladabi iyakar iyawata, ashe ke nan akwai ƙamshin gaskiya a maganar Baba.

"Kul! Ka taɓa jin Malam ya ce 'in ji'? 'A ji' yake cewa. Kuma ana ji. Ya taɓa ce wa wani shi ne zai ji?"

Na bi duk abin da na iya tunawa, ban sami inda ya ce "in ji" ba.

Sai ta gaya mini zancen wuƙa biyun. Ta ce tagwaye ne. Ƙarfe ɗaya, wuta ɗaya, ruwa ɗaya suka sha, kuma babu sifirin a cikinsu, duk magagari ne. Tarko Baba ya ɗana: duk wadda Kawu ya ɗaga ya ce ga sifirin ɗinsa, ya yabi magagari da bakinsa. Shi ya sa ta ɗaure su da zare ɗaya ta ɗora a faifai, da guntun magagarin da take kankare tukunya da shi. Ta ce Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai kuma ya ga ƙashi a gefe, dariyar ta tsaya.

"Duk biyun na rago ne. Abin da ya hana shi sukuni ke nan, ba ciwon ba. Yana neman yadda zai faɗa ba tare da bawan nan ya ji daɗi ba."

Na tambaye ta me zan ce gobe, don ina tsoron in tsaya a wurin addu'a in jingina wa mamaci maganar da ban ji daga bakinsa ba. Ta ce, "Wa ya ce ka jingina masa? Yi irin tasa."

Washegari bayan an shafa addu'a, kafin a watse, Yaya ya ajiye wuƙaƙen a gaban Baba da zarensu. Na miƙe. In ban manta ba, abin da na ce shi ne:

"Baba, an bar su sun kwana, an kuma ji. An ce tagwaye ne. Babu sifirin a ciki, duk 'ya'yan magagari ne."

Baba ya warware zaren a hankali, ya zare ɗaya, ya kai hanci ya shinshina. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya fashe da dariya yana dukan tabarma.

"Ya gane! Jama'a, kurman nan ya gane! Ni na ce wa maƙerin ya buga su da abu ɗaya!"

Hayaniya ta tashi, wasu na kabbara, dattijon nan mai ƙotar ƙaho yana cewa ai shi dama ya faɗa. Na jira ta lafa, don saura rabin saƙon, kuma na ga rashin adalci ne in riƙe shi.

"An kuma ce duk biyun na rago ne. Sai dai kada a sari ƙashi da su."

Dariyar Baba ta ɗauke.

"Na rago? Magagari? Shi ya faɗa, da bakinsa?"

"An faɗa, Baba."

Ya daɗe yana kallon wuƙar. Ya ce, "Tun muna samari nake jiran in ji wannan kalmar. Da ya tashi faɗa sai ya aiko ɗan boko." Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kuma ba wanda ya yi dariya.

Da aka watse ya kira ni bakin lungu, ya ce in gaishe da Inna, in ce mata hannunta na nan yadda ya san shi. Na yi kamar ban gane ba.

"Kai, ni mahauci ne. Wuƙata ta kwana a wani gida ta dawo tana warin albasa, ka ɗauka ban da hanci? Tun shekarar farko na sani."

"To me ya sa ba ka taɓa faɗa ba, Baba?"

"Kurma nake ce masa, wannan kowa ya sani. Wancan kuwa zancen cikin gida ne."

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi dalilin maganar da ya yi jiya a gaban mutane. Ya dubi ƙofar zauren.

"So na yi ya taso ya rama."

Ranar Sallah Baba ya zo kamar kullum ya yanka ragon gidan da ɗaya daga cikin tagwayen. Sau ɗaya ya ja. Kafin ya ja na ga ya waiwaya wajen ɗakin Kawu ya ce, "To, shiga ka ɗauko abin naka." Da ya gama ya wanke ta, ya shafa mata kitse, ya aika wa Inna da ita, ya tafi da ɗayar.

Akwai abu ɗaya da gaskiya ta sa dole in ƙara. Bayan Sallah mahaifiyata ta ambata, cikin wata hira daban, cewa matar maƙerin da ya buga tagwayen ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, kuma ta zo gidan a 'yan kwanakin nan. Na koma bakin labule na tambayi Inna ko a dutse ta gane ko a hira. Ta ce, "Ina takaba, ba a son mai takaba da yawan magana." Na bar shi a nan. Abin da zan iya cewa shi ne ƙawa za ta iya gaya maka ƙarfen da aka yi wuƙa da shi, amma ganda ce kawai za ta gaya maka ko ta rago ce.

Kafin in rubuta wannan na nemi izini. Yaya ya ce in Inna ta yarda shi ma ya yarda. Inna ta ce in rubuta, amma in rubuta daidai: Kawu ne alƙali, ita shaida ce, kuma ba ta taɓa jin alƙalin da aka ce ya yi ƙarya don ba ya wurin da aka yi faɗa ba. Baba mahauci ya ce in rubuta da manyan baƙaƙe cewa magagari ya ci. Ban yi da manya ba, amma ga shi na rubuta.

Wuƙaƙen da suka rage a ɗakin duk sun koma hannun masu su kafin jajibere, kowace da ɗan abin da aka ɗora mata. Mai ƙotar ƙaho gashin kaza ya samu, ya karɓa ya ce ƙaddara ce. Guda ɗaya ce ta rage, doguwa mai kyan kube, wadda ta fito da guntun sabulu. Har yau ba wanda ya ce tasa ce.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya jiyar da shi abin da ya fi duk abin da ya rasa ji a nan. Waɗanda suka zauna da shi fiye da ni, musamman abokan tuƙinsa, in kun ga inda na ƙara ko na rage, ko na sa maganar wani a bakin wani, ku same ni a zauren bayan la'asar ku gyara mini, zan karɓa da godiya. In akwai wanda ya taɓa jin Kawu ya ce "in ji", shi ma ya zo, ko da yake ba na fatan akwai. Mai doguwar wuƙar nan kuma, in ba ya son a gan shi, ya aiko a karɓa masa. Inna ta ce ta gaji da yanka sabulu.